Gwangwanin giya a fagen fama da haƙƙin sojanmu na zango

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙun masu karatu domin in yi magana a kan wani abu da mutane da yawa za su ga bai dace da bakin Musulmi ba, wato giyar gwangwani da ake aika wa sojoji a ƙasashen waje lokacin yaƙi. Hotunan tsofaffin gwangwanayen nan masu launin kakin soja suna yawo a wayoyin samarinmu na Kumasi, kuma a majalisun shayi na Aboabo da Asawasi wasu dariya suke yi musu, wasu kuma su nemi tsari su wuce. A ganina duk ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, domin a cikin labarin gwangwanin nan akwai tambayar da ta shafi kakanninmu da suka je yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, Myanmar ta yanzu), ta kuma shafi 'ya'yanmu da ke sanye da kaki a yau: idan ƙasa ta tura mutum ya ba da ransa a nesa da gida, me take aika masa domin ya san ba a manta da shi ba?

An fara sayar da giya cikin gwangwani ranar 24 ga Janairu, 1935, a birnin Richmond na jihar Virginia ta Amurka, kuma kamfanin Krueger ne ya yi ta. Kafin nan an daɗe ana fama, saboda giya tana cin ƙarfe har ɗanɗanonta ya ɓaci, iskar da ke cikinta kuma tana iya fasa gwangwani marar ƙwari, sai da aka samo wani shafi da ake yi wa cikin gwangwanin ya raba ruwan da ƙarfen. Ba a daɗe ba wani ƙaramin kamfani mai suna Felinfoel da ke yankin Wales, inda dama masana'antun farantin kuza suke, ya bi sahu a Birtaniya. Amfanin gwangwani ga mai jigilar kayan soja a fili yake. Ya fi kwalba sauƙin ɗauka, ba ya fashewa idan an jefa kwali daga jirgi zuwa mota, ana jera shi ba tare da ɓata wuri ba, hasken rana ba ya ratsa shi, kuma babu wanda zai ce a maido masa da fanko daga tsibiran tekun Fasifik. Gwangwanin wancan zamani ba shi da ɗan mariƙin da ake ja a buɗe, wannan sai a shekarun 1960 ya zo, don haka soja kan huda shi ne da mabuɗi na musamman, ko da bakin banati idan mabuɗin ya ɓace.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya faru bayan Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu. A 1942 gwamnati ta hana zuba wa farar hula giya a gwangwani, domin ana bukatar ƙarfe da kuza wajen ƙera kayan yaƙi, kuma gwangwanin bai dawo kantunan gari sosai ba sai wajen 1947. Amma ga sojan da ke ƙetare ba a hana ba. An umarci kamfanonin giya su ware kashi 15 cikin 100 na abin da suke yi domin sojoji, aka rage ƙarfinta zuwa kashi 3.2 cikin 100 don kada ta bugar da mutum da wuri, aka kuma shafe gwangwanayen da kore mai duhu irin na motocin soja don kada su yi ƙyalli abokan gaba su hango. Sojan ruwan Birtaniya ma sun wuce nan, suka gyara wani jirgi mai suna Menestheus a Kanada, suka kafa masa tukwanen dafa giya da ruwan tekun da aka tace, da nufin ya bi rundunarsu ta gabas mai nisa, sai dai yaƙin ya ƙare kafin jirgin ya kama aikin da aka gyara shi dominsa.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna wannan da kyau. A lokacin da jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa ke nutsar da jiragen kaya a tekun Atlantika, a lokacin da kowane lungu na cikin jirgi ake lissafinsa tsakanin harsashi da mai da magani, manyan hafsoshi suka zauna suka yanke cewa abin da ba ya harbi, ba ya warkar da rauni, ba ya ƙosar da mai yunwa, shi ma sai an ba shi wuri. Sun yi haka ne saboda sun fahimci cewa soja mutum ne, kuma mutumin da ya yi watanni cikin laka da tsoro yana bukatar wani ɗan abu da ya saba da shi a gida, wanda zai riƙe a hannu ya ji cewa mutanen garinsu suna tunawa da shi. Kamfanonin kuma ba don Allah suka yi ba. Sun san samarin da suka saba da tambarinsu a fagen fama za su dawo gida su neme shi a kanti, kuma haka ɗin aka yi.

Matsayina a kan giya ba ɓoyayye ba ne, Malam Edita. Haramun ce, kuma sanya ta a gwangwani mai launin kaki bai canza hukuncinta ba. Ba na fatan a aika wa ɗana ita, ba na fatan a aika wa ɗan maƙwabcina. Amma haramcin abin da ke cikin gwangwanin bai hana mu ganin kulawar da ta sa aka aika shi ba, kuma kulawar nan ce nake so mu tambayi rabonmu a cikinta.

Aikin soja a ƙasar nan ta Ghana da mutanen zango ya fara. Rundunar da Turawa suka kafa a 1879 da sunan Hausawa aka san ta, ita ce ta zama rundunar Gwalkwas (tsohon sunan Ghana) a 1901, hedikwatarta kuwa a nan Kumasi take, kuma Hausa ce harshen bariki ko ga wanda ba Bahaushe ba, Bagurunshe ne ko Badagombe ko Bamoshe ko Bazabarme. Alhaji Grunshi, wanda tarihi ya rubuta cewa shi ne sojan Birtaniya na farko da ya harba bindiga a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin Agustan 1914, daga wannan runduna ya fito. A yaƙi na biyu wajen mutum 65,000 ne suka shiga soja daga ƙasar nan. Sun yaƙi Italiya a Habasha a 1941, kuma barikin Uaddara da muke wucewa ta gabansa kullum sunan wani fagen fama ne na can. Daga baya aka kwashe su zuwa Indiya da Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda suka fuskanci Japan a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, har aka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Burma Camp a Accra da barikin Myohaung a Takoradi duk daga nan suka samo sunayensu.

Yadda aka yi amfani da mutanenmu a can ya isa a yi dogon tunani. Dajin Kaladan ba shi da hanyar mota, don haka aka haɗa wa rundunar dubban sojoji da aikinsu dako ne, suna ɗauke da harsasai da abinci da sassan manyan bindigogi a ka, suna hawa tsaunuka suna ratsa rafuka cikin damina. Abincinsu daga sama ake jefo musu shi da laima, kuma runduna ta 81 tana cikin manyan rundunonin farko da aka ciyar ta wannan hanya ɗungurungum. Babbar runduna ta 14 da suke ƙarƙashinta, wadda Janar William Slim ya jagoranta, tana da tsarin rabon abinci kusan talatin saboda bambancin addini da al'adar sojojinta, akwai Musulmi da Hindu da Sikh da Gurka da Turawa da 'yan Afirka. Wannan ya nuna cewa hukumar soja, idan ta ga dama, tana iya la'akari da abin da mutum yake ci da abin da ba ya ci, ko a tsakiyar yaƙi mafi wuyar jigila. Saboda haka duk wanda zai ce mana a yau ba zai yiwu a kula da bukatar sojan da ba ya shan giya ba, sai mu nuna masa abin da aka iya yi a dajin Bama a 1944.

Kuma kada a manta cewa hukumar mulkin mallakar da ta ɗebi waɗannan mutane ita ce ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankin Arewacin ƙasar nan bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, ita ce kuma ta haramta dafa akpeteshi, barasar gargajiya mai ƙarfi, haramcin da bai tashi ba sai 1962, alhali kamfanin giya na Accra yana aiki tun 1931. Dokar sha a wancan zamani tana bin launin fata da aljihu ne, kamar yadda albashi da sutura da kuɗin sallama suke bi. Takardun da aka tono a ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya, waɗanda aka bayyana a 2019, sun nuna cewa a rundunar gabashin Afirka farabiti Bature yana samun sule goma na kuɗin sallama a kan kowane wata da ya yi yana aiki, ɗan Afirka mai muƙami ɗaya da shi kuwa sule uku da sisi. Namu na nan sun dawo suka tarar da tsadar kaya, babu aikin da aka yi musu alkawari, fansho kuma bai taka kara ya karya ba. Ranar 28 ga Fabrairu, 1948, suka yi jerin gwano domin kai wa gwamna takardar koke a fadarsa ta Christiansborg da ke Osu, aka tare su a mararraba, wani babban ɗan sanda Bature mai suna Imray ya harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ce ta buɗe hanyar da ta kai mu ga 'yancin kai a 1957. Ƙasashen da suka samar wa gwangwanin giya wuri a jirgi lokacin da ake ruwan wuta sun kasa samar wa waɗannan mutane haƙƙinsu lokacin da aka samu lafiya, kuma wannan shi ne abin da ke ci mini rai duk sa'ad da na ga hoton gwangwanin nan.

Akwai kuma ɓangaren cutarwa, wanda masu sha'awar tara tsofaffin gwangwanaye ba su cika ambata ba. Saurayin da aka koya wa cewa maganin tsoro da kewa yana cikin gwangwani ba ya barin darasin a fagen fama, da shi yake dawowa gida, matarsa da 'ya'yansa kuma su ne ke biyan kuɗin. Su kansu Turawan ba su taɓa zama baki ɗaya a kan lamarin ba. Sojan ruwan Amurka sun hana barasa a jiragensu tun 1914. A 1950, lokacin yaƙin Koriya, ƙungiyoyin masu yaƙi da shan barasa suka matsa har aka dakatar da gwangwanin kyauta da ake ba sojan da ke bakin daga, aka yi ta hayaniya har majalisa, sannan aka maido shi bisa sharaɗin ba da kuɗin haraji za a riƙa saye ba. Sojan ruwan Birtaniya sun daina rabon barasar kullum ranar 31 ga Yuli, 1970, saboda an ga mai sarrafa na'urorin zamani bai kamata ya kasance da maye a kansa ba. A 1990 kuwa, da sojojin Amurka suka sauka a Saudiyya, Janar Norman Schwarzkopf ya ba da umarnin hana barasa gaba ɗaya, aka yi yaƙin Tekun Fasha a haka, kuma irin wannan umarni ya bi su zuwa Iraki da Afganistan. Ashe dai ana iya fita yaƙi a dawo ba tare da ita ba. Abin da ba a iya yi shi ne a bar soja hannu rabbana, shi ya sa a wuraren da aka hana giyar aka cike gurbinta da lemo da wasiƙu da wayar tarho da sauran abubuwan ɗebe kewa.

Ghana ba ta cikin yaƙi, alhamdu lillahi, amma sojojinta ba su taɓa daɗewa a gida ba. Sun je Kongo a 1960, suna Lebanon tun 1979, sun shiga Laberiya a 1990, kuma a Ruwanda a 1994, lokacin da wasu ƙasashe suka janye mutanensu, rundunar Ghana ƙarƙashin Janar Henry Kwami Anyidoho ta tsaya. Da wuya ka sami layi a zangon Kumasi ko Nima ko Tamale da ba shi da ɗa ko jika da ya taɓa sa shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba zargi na kawo wa hukumar sojanmu ba, domin tana da limamai kamar yadda take da fastoci, kuma akwai masallatai a barikoki. Ƙa'ida ce nake roƙon a rubuta ta ta zama doka, yadda ba za ta dogara ga halin kwamanda ba: duk inda aka ware kuɗin walwalar soja, ko wani kamfani ya kawo kyauta, ko aka shirya bikin ƙarshen shekara na WASSA da muka gada tun zamanin rundunar Afirka ta Yamma, to wanda ba ya sha ya sami kaso daidai da na mai sha, a cikin abin da shi ya zaɓa. Bikin Magaji ba ya hana na Magajiya. Wannan kuma ba maganar Musulmi kaɗai ba ce, domin Kiristocin ƙasar nan da ba sa kusantar barasa suna da yawa ƙwarai, kuma a kan wannan batu bakinmu ɗaya da su.

Ba ƙaramin abu ba ne a rayuwar bariki mutum ya zama shi kaɗai ne ba ya riƙe da komai a hannu lokacin da abokan aikinsa ke zaune suna hira. A irin wannan zama ake ƙulla zumunci, a nan manya ke sanin ƙanana, kuma yaron da ya ga kullum a gefe yake zama yana iya karyewa ya karɓi abin da bai taɓa sha ba a gidan ubansa, don kawai kada a ce shi baƙo ne a cikin 'yan uwansa. Iyaye da yawa a zango wannan tsoron ne ke sa su hana 'ya'yansu shiga soja, alhali aikin gadonmu ne, kuma guraben aikin gwamnati ba su yi mana yawan da za mu riƙa yar da wannan ba.

Idan aka tambaye ni me za a aika, ba sai an yi nisa ba. Goro yana nan a dazuzzukan Asante, kuma kakanninmu sun san yadda ake naɗe shi a ganye, a riƙa duba shi ana yayyafa masa ruwa, a kai shi daga Salaga har Kano a kan jakuna cikin watanni ba tare da ya lalace ba. Mutanen da suka iya wannan tun kafin a ƙera gwangwani ba za su kasa shirya goro da kilishi da yaji da shito da gari da kayan shayi a ƙunshin da zai isa kudancin Lebanon ko Sudan ta Kudu lafiya ba. A watan azumi a haɗa da dabino. Sama da duka a ba soja isasshen kuɗin intanet ya ga fuskar mahaifiyarsa da 'ya'yansa, domin babu abin sha a duniya da ke kwantar da hankali kamar wannan. A nan ina kira ga attajiran zango da ƙungiyoyin masu sayar da goro da sarakunan zango da kansu, kada su jira gwamnati. Kamfanonin giya na Amurka sun yi rububin kai kayansu ga soja saboda sun san darajarsa, mu kuwa da muke da abin halal a hannu mun bar filin babu kowa, sannan mu koma muna kuka idan yaro ya dawo da halin da ba mu san shi da shi ba.

Dawowar ma tana bukatar shiri. Wanda ya ga gawarwaki, ko aka kashe abokinsa a gabansa, yana bukatar likitan da ya san ciwon zuciya da limamin da ya iya sauraro, kafin ya je ya nemi sauƙi a kwalba ko a ƙwayar tramadol da ta riga ta yi wa unguwanninmu illa. Bai kamata neman irin wannan taimako ya zama abin kunya a bariki ko a gida ba, kuma masu wa'azinmu suna da rawar takawa, su rage tsinuwa ga wanda ya faɗa, su ƙara tambayar abin da ya jefa shi.

Roƙona na ƙarshe gare ku ne, Malam Edita. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, amma 'ya'yansu suna raye, kuma a gidaje da yawa na Yalwa da Alabar da Sabon Zango akwai lambobin yabo da littattafan sallama a ƙasan akwati, akwai kuma labaran da aka ji daga bakin masu su. Kafin ranar 11 ga Nuwamba, da ake taruwa domin tunawa da mazan jiya, ku tura wakilinku ya zauna da iyalan nan ya tambaye su abin da iyayensu suka ce sun ci a dajin, yadda suka yi salla da azumi, abin da aka raba musu a ranar hutu, abin da suka fi kewa, da abin da aka ba su a hannu ranar sallama. Ku buga shi da Hausa, harshen da aka ba su umarni da shi, sannan ku miƙa kwafi ga gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi domin a ajiye shi tare da bindigogi da tutocin da aka kawo daga Habasha da Bama.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi